Shekara Huɗun da Aka Yanke wa Goggo

Ban taɓa ganin kakana ba. Na dai tarar da ɗakin soron da ya gina da hannunsa a gidanmu na unguwar Sabangali, da wani tsohon kati da Goggo take ɓoyewa a cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwanta. Hoton da ke jikin katin ya koɗe, ba ka ganin komai sai hula da inuwar gemu. Rubutun kuwa yana nan raɗau, kuma a layin haihuwa an rubuta da Faransanci: né vers 1895. Wato an haife shi wajen shekarar 1895.

Ina yaro lambar ba ta dame ni ba. Sai da na shiga koyon aikin asibiti, ɓangaren ɗaukar hoton ƙashi, wanda a nan kowa ke ce wa radiyo. Ranar farko malami ya rubuta a allo cewa a 1895 ne wani Bajamushe ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Na ji kamar an ambaci gidanmu a cikin aji. Bayan wasu shekaru kuma wani majiyyaci ya mance mujalla a benci, na ɗauka ina dubawa, sai ga shi an ce a wannan shekarar dai aka fara tara mutane a Faris ana nuna musu hoto mai motsi. Daga nan na zama abin gudu a wurin shan shayi. Duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da ni sai ya ji cewa hoton ƙashi da silima da kakana tsarar juna ne.

Kaka magini ne. Daga Damagaram ya zo, ya biyo 'yan'uwansa masu fataucin shanu, shi kuma ya tsaya a kan sana'ar da ya gada. Ɗakin da ya bari ba shi da ginshiƙi a tsakiya. Bakuna huɗu ne na azara da aka lulluɓe da laka suka taso daga bango suka haɗu a sama, aka kafa ƙaramar tasa a mahaɗarsu. Na sha kwanciya a tabarmar Goggo ina bin bakunan nan da ido, ina neman abin da ya hana rufin faɗowa. Ni haka nake, idan ban gane dalilin abu ba ba na samun sukuni. Goggo kuwa, autar Kaka, ƙanwar mahaifina, ba ruwanta da dalili. Tun da mijinta ya rasu ta dawo ɗakin, kuma duk shekara kafin damina ita take tsayawa a kan masu yaɓe har su gama.

Bayan rasuwar mahaifina aka fara awon filaye a layinmu, aka ce kowane gida ya nemi cikakkiyar takarda. Namu har lokacin da sunan Kaka yake, saboda haka sai an fitar da jerin magadansa tukun. Cikin 'ya'yansa saura biyu a raye, Goggo da Baffa, wanda ke sayar da nama a unguwar Bololo. Baffa ya tattara takardu a leda ya miƙo mini, ya ce, "Kai ne ɗan lakwal, kai ka yi boko, je ka yi musu Faransancin."

Na tafi kotu da ƙafar dama, ina ganin aikin yini ɗaya ne. Magatakardan kotun ya baje takardun a tebur yana bin su da bayan biro. Ya wuce takardar haihuwar mahaifina, ya wuce ta Baffa. Da ya zo kan ta Goggo sai ya tsaya, ya jawo takardar rasuwar Kaka ya ajiye su gefe da gefe.

"Wannan matar 'yar wane ce?" in ji shi.

Na ce, "'Yarsa ce mana. Autarsa."

Ya juyo mini da takardun biyu. "Karanta da kanka. Mutumin nan ya rasu a wannan shekarar. Ita kuma an haife ta shekara biyu bayan haka. Ni ba zan rubuta wa mamaci haihuwa ba."

Na karanta sau uku. Raina ya ɓaci, na fara ɗaga murya, ina cewa duk unguwa ta san ta. Ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce unguwa ba ta cikin ledar da na kawo. Zai sa 'ya'yan nan maza, ita kuwa sai an gyara. Gaskiya ya fi ni gaskiya, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan.

Da na dawo gida na tarar da Goggo tana tsince shinkafa a ƙofar ɗakinta. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa mata. Ga mamakina dariya ta fara yi.

"Aikin babanka ne," ta ce. "Shi ya yanke mini shekara huɗu."

Ta ba ni labarin. Tana da shekara huɗu Kaka ya rasu, mahaifina ya zama uban gida. Ba a yi tunanin sa ta lakwal ba sai da ta kai sha ɗaya, aka ce ta wuce shekarun ɗauka. Da yake ƙaramin jiki gare ta, mahaifina ya samo shaidu biyu daga cikin abokansa, suka je aka yi mata takardar haihuwa ta kotu a matsayin 'yar shekara bakwai. Haka ake yi a lokacin, rabin ajinsu duk yankakku ne. Ta ce akwai wani ɗan shekara takwas a bencinsu da yake aske gemu.

Wannan ya ba da huɗu, ya kai haihuwarta daidai shekarar rasuwar. Sauran biyun daga takardar rasuwa suka fito. Ba a yi ta a lokacin ba, sai da aka daɗe, wani ɗan'uwa ya je ya faɗi shekarar da ka, ya ja ta baya da biyu. Kuskuren farko ya tura ta gaba, na biyu ya janye mahaifinta baya, suka saɓa a hanya. Na zauna ina lissafin a bayan ambulan, har na fara jin daɗin yadda ya fita daidai, sai na ɗaga kai na ga Goggo ta daina dariya.

"Yanzu a takarda ni ba 'yar Baba ba ce?"

Na ce za a gyara.

Bayan kwana biyu Baffa ya zo da la'asar da fara'arsa, ya ce ya samo mafita, kuma ba sai an sha wahala ba. Ya yi magana da wani malami a kasuwa. A littafin shari'a akwai kwantaccen ciki, wato ɗa ya kwanta a cikin uwarsa ya yi shekaru kafin ya tashi a haife shi, kuma na mijin ne ko ya rasu. Shekara biyu ba ta ma kai iyakar da aka yarda da ita ba. Malamai za su rubuta mana a kan haka, mu haɗa da sauran takardu, kalas, shi ke nan.

Ni dai abokan aikina masu duba ciki da na'ura ba su taɓa nuna mini ɗa mai barcin shekara biyu ba. Amma ba fagena ba ne, kuma in faɗi gaskiya na gaji da zirga-zirga. Na ma gyaɗa kai.

Goggo ta ajiye farantin da ke hannunta. "Yaya, in kwantacciya ce ni, wa ya riƙa ɗora ni a wuya? Wa ya riƙa ba ni dabino daga aljihu mai ƙurar farar ƙasa?"

"Takarda ce kawai," in ji Baffa. "Kowa ya san gaskiya."

"Yau kowa ya sani. Gobe in mun mutu takardar za ta rage. Jikoki su ɗauka su karanta su ce tsohuwar nan ba ta taɓa ganin ubanta ba. Wasu kuma su zauna suna ƙirga wa Inna watanni tana kabarinta. Ban yarda ba."

Baffa ya ce to ta sani ranar rufe awo tana matsowa, in ba a gyara ba sunanta ba zai shiga ba. Ta ce ta ji. Ya kaɗa rigarsa ya fita. Ni kuma kunya ta kama ni saboda gyaɗa kan da na yi, kuma ina jin kunyar nan ce ta sa na yi wautar da ta biyo baya.

A wurin aiki mukan auna shekarun yara ta hoton hannu. Ƙasusuwan wuyan hannu da na yatsu suna da 'yan tsagu da ke rufewa ɗaya bayan ɗaya yayin da yaro ke girma, likita ya duba ya ce wannan sha biyu ne, wannan sha biyar. Da mutum ya haura ashirin duk sun rufe, ƙashin ya daina magana. Na san haka sarai, a kai aka yi mini jarrabawa. Duk da haka na ɗauki Goggo a mota na kai ta asibitinmu, ina cewa a raina wataƙila akwai wata alama da ban sani ba.

Ta ɗora hannu a kan faifan na'urar, na ce ta cire zobe, ta ce zoben Inna ne ba ya fita. Na bar shi. Da hoton ya fito na maƙala shi a jikin fitila na kira ta. Ta daɗe tana kallo, tana motsa yatsunta tana duba na jikin hoton.

"Wannan ni ce?"

Na ce ita ce. Na ƙara da cewa ɗaya daga cikin hotunan farko da Bajamushen nan ya ɗauka ma hannun matarsa ne, da zobe kamar wannan, a shekarar da aka haifi Kaka.

"Ka fara," ta ce. "To likita, me ƙashin ya ce?"

Na kai wa likitanmu. Ya ɗaga hoton, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce mai hannun nan ta haura hamsin, ba ta kai casa'in ba, kuma a riƙa ba ta madara. Da na fassara wa Goggo ta ce ai mai goro na bakin titi ma ya san wannan, kuma shi ba ya sa mutum ya cire mayafi.

A hanyar komawa ne, muna tsaye a cunkoso, ta ɗaga hannun nata tana juya shi, ta ce, "Wannan hannun ai ya taɓa fitowa a silima."

Na ɗauka zolaya ce. Ta ce a'a. Akwai wani gidan silima marar rufi a tsohon gari, bangon da ake haska hoton a jikinsa Kaka ne yake gyara shi, ya shafe shi da farar ƙasa. Wata rana ya tafi da ita a wuyansa. Yana can kan tsani, ita kuma ta tsoma hannu a kwaɓaɓɓiyar laka ta manna a farin bangon da bai bushe ba. Abin da take tunawa shi ne ihun wani saurayi mai aiki a wurin, da yadda Kaka ya sauko ya wanke mata hannu a bokiti bai yi mata faɗa ba.

Shekara nawa ina zaune a tabarmarta ina damunta da 1895, ba ta taɓa gaya mini wannan ba. Na tambaye ta dalili, ta ce ban taɓa yin shiru ba balle ta samu wuri.

Don a gyara takardar haihuwa, kotu tana son shaidu biyu da suka girme ta, waɗanda suka gan ta da ransu tare da mahaifinta. Muna da ɗaya, wata tsohuwar maƙwabciya da ta goye ta. Na biyun ne ya gagara, duk tsaran sun tafi. Sai na shiga neman saurayin nan mai ihu. Gidan siliman ya daɗe da zama wurin ajiye kaya. Na bi mahautan Bololo ɗaya bayan ɗaya, da taimakon Baffa, wanda fushinsa ba ya kwana uku. Wani ya tura ni wurin wani tela, telan ya ce in je unguwar Paris-Congo in tambayi tsohon da ke gyaran fitilu.

Na same shi da hantsi a ƙarƙashin rumfa, idonsa ɗaya ya yi fari. Bahaushe ne ta wajen uwa, Hausarsa rabi Larabci. Na gaishe shi na ce, "Baba, ko ka taɓa aiki a gidan silima?" Ya ce shekara talatin, tun yana share fili har ya zama mai juya na'ura. Na tambaye shi ko ya tuna wani magini Badamagare.

Ya ajiye fitilar da ke hannunsa. "Mai 'yar nan da ta ɓata mana bango?"

Ya ce hannun yana can ƙasa ta dama, ɗan ƙarami, yatsu biyar cif. Farar ƙasa ta ƙare a ranar, maginin ya ce bayan salla zai dawo ya shafe. Da aka haska fim sai ga hannun a jikin komai, a cikin doki, a gefen rigar jarumi. 'Yan kallo suka riƙa jira abu ya zo daidai wurin su yi sowa. Salla ta wuce magini bai dawo ba, aka aike shi ya kira maginin, ya tarar ana zaman makoki. Mai gidan siliman ya ce a bar hannun, ya kusa shekara a wurin.

Na ce wace shekara ce wannan. Ya yi dariya ya ce shekara mafi, wato babu, shi fina-finai ya riƙe.

Da na ga hira ta yi daɗi sai halina ya motsa, na gaya masa maginin nan tsaran silima ne, a 1895 aka haife shi, yana nan a katinsa. Tsohon ya tambaye ni ko akwai vers a gaba. Na ce akwai. Ya ce to shi ya ga yadda ake ba da waɗannan shekarun. Mutane su yi layi, ma'aikaci ya ɗaga kai ya dubi gemu. In baƙi ne ya ba da shekara kaza, in da furfura ya ja baya da goma, kuma ya fi son lamba mai ƙarewa da biyar ko sifiri don ta fi saurin rubutu. Mahaifinsa da ƙanen mahaifinsa shekara ɗaya aka ba su, alhali akwai 'ya'ya uku a tsakaninsu.

Na yi shekara ashirin ina taƙama da lambar da wani ya zaɓa don hannunsa ya gaji. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda ya kamata, na kuma rasa wanda zan yi fushi da shi. Tun daga ranar abokan shayi suka samu lafiya.

Ranar zaman kotu muka ɗauko shi a mota, ya sa farar riga da hula sabuwa. A farfajiya ya haɗu da Goggo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce ta miƙo hannun ya gani. Ta miƙa, ya kawo shi kusa da idonsa mai gani, ya ce ya girma.

Alƙaliyar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta saurari maƙwabciyarmu, sa'an nan tsohon, wanda ya so ya ba da labarin fim ɗin gaba ɗaya sai da aka tsayar da shi. Ta tambaye shi ko ya tabbata yarinyar tana tafiya da ƙafarta a lokacin, ya ce wanda ya bi ta da gudu ake tambaya. Ta juya ga Goggo ta ce wa ya rage mata shekaru. Goggo ta ce yayanta ne, Allah ya jiƙansa, don ta yi karatu ya yi, kuma da shi ne take karanta lambar waya yau. Alƙaliyar ta yi rubutu mai tsawo. Bayan mako biyu takarda ta fito, an mayar wa Goggo shekarunta huɗu, magatakarda ya sa sunanta a jerin magada ana saura kwanaki a rufe awo.

Na kawo takardar gida ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Goggo tana cikin ɗakin soron, ta sa na zauna na karanta mata tun daga sama, ina fassarawa. Da na zo kan sunanta da na mahaifinta a layi ɗaya ta ce in maimaita, na maimaita. Na ga idonta ya kawo ruwa, ni ma nawa ya kawo.

Can ta ce, "To yanzu a takarda shekara nawa muka yi da Baba?"

Ban yi tunanin wannan ba. Na ɗauko takardar rasuwar, wadda ba wanda ya nemi a taɓa ta, na yi lissafi. Na ce biyu.

"Huɗu muka yi."

Na ce na sani, amma ba kome, tunda yanzu an haife ta yana raye, sunanta ya shiga, ɗakin nata ne. Gyaran takardar rasuwa wata shari'a ce daban, sai an sake neman shaidu, kuma ba abin da zai ƙara mana.

Ta karɓi takardar daga hannuna ta ninke ta a hankali.

"Ɗana, 'yar shekara biyu ba ta tuna komai. Dabinon da bokitin da wuyansa duk a cikin biyun da suka riƙe suke. Ka je ka gaya wa tsohon nan kada ya cire rigarsa, ranar Litinin za mu koma."